A Teburin Jami'in Rajista Ake Fara Tauye 'Yancin Addinin Tsiraru

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana a kan kare 'yancin addini na al'ummomin da ba su da rinjaye a inda suke zaune. Galibi ba a tunawa da wannan batu sai an ƙona wurin ibada ko an zubar da jini, sai a yi Allah wadai na mako guda, a kafa kwamiti, daga nan a ji shiru. Alhali tun kafin a kai ga wuta, an daɗe ana matse mutanen a wuraren da ba kowa ke leƙawa ba: teburin jami'in rajista, ofishin ba da izinin gini, fom ɗin katin shaida, ajin makaranta, maƙabarta da ofishin 'yan sanda. A waɗannan wurare muke son mu tsaya, domin nan ne gyara yake yiwuwa.

Babu addinin da mabiyansa ba tsiraru ba ne a wata ƙasa. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna Musulmi kashi 14 ne cikin 100, duk da sun haura miliyan 170. Kiristocin Pakistan ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. 'Yan Rohingya fiye da 700,000 suka tsere daga Myanmar zuwa Bangaladash daga watan Agustan 2017, Yazidawa kuma, mabiya wani ƙaramin addini mai daɗaɗɗen tarihi, a Agustan 2014 aka far musu a Sinjar ta Iraƙi. A cikin addini ɗaya ma akwai ɗarika ko mazhabar da ke da rinjaye da wadda ba ta da shi. Saboda haka duk ƙa'idar da mutum ya yarda a yi wa tsirarun da ke kusa da shi, ya sani da ita za a auna wa 'yan'uwansa a wata ƙasar. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha tsiraru ne, kuma adalcin Najjashi ne ya tsare su a lokacin da jakadun Ƙuraishawa suka zo neman a miƙa su.

Abin da doka ta ce ba shi da wuyar fahimta. Tushensa sashe na 18 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948, amma wanda ke ɗaure gwamnatoci shi ne sashe na 18 na Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan Haƙƙin Jama'a da na Siyasa ta 1966, wadda ta fara aiki a 1976, kuma ƙasashe fiye da 170 suka shiga cikinta. Sashe na 4 na yarjejeniyar ya hana a dakatar da wannan haƙƙi ko da an kafa dokar ta-ɓaci. A Afirka, sashe na 8 na Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981 ya tanadi irinsa.

Sashe na 18 na yarjejeniyar 1966 ya raba lamarin gida biyu. Akwai abin da ke cikin zuciya, wato imanin da mutum ya riƙe. Wannan babu hukumar da ke da ikon taɓa shi ko tilasta canja shi. Akwai kuma bayyana addini a fili ta hanyar ibada, sutura, abinci, koyarwa, zaɓen shugabanni, buga littattafai da gina wurin ibada. Wannan ana iya taƙaita shi, amma da sharuɗɗa masu tsauri da ke sakin layi na 3. Duk wanda aka hana shi wani abu na addininsa yana da damar yi wa hukuma tambayoyi huɗu. Wace doka ce a rubuce ta ba ku wannan iko? Umarnin baki na wani jami'i ba doka ba ne. Wane dalili ne daga cikin biyar ɗin da aka amince da su: kare lafiyar rayukan jama'a daga haɗari, zaman doka da oda, kiwon lafiya, ɗa'a, ko haƙƙin wasu mutane? Shin babu wata hanya mai sauƙi da za ta biya wannan buƙata ba tare da hani ba? Sannan, shin haka kuke yi wa masu rinjaye?

Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke fassara yarjejeniyar ya toshe ƙofofi da dama a sharhinsa na 22 na shekarar 1993. Ya ce jerin dalilan nan biyar a rufe yake, har tsaron ƙasa ma ba ya cikinsu, duk da shi ne kalmar da hukumomi suka fi fakewa da ita. Ya ce ɗa'ar da za a dogara da ita kada a ɗauko ta daga al'adar addini ɗaya kaɗai. Ya ce kariyar ta shafi sababbin addinai da ƙananan ƙungiyoyin da masu rinjaye ba sa so. Ya kuma ce ƙasa tana iya samun addinin hukuma, amma hakan ba lasisi ba ne na mayar da sauran 'yan bora a wajen ɗaukar aiki ko samun wani haƙƙi.

Rajista ce ƙofar farko, kuma a nan ake yawan yin ɓarna cikin ruwan sanyi. Al'ummar addini tana buƙatar a san ta a idon doka domin ta mallaki fili da sunanta, ta buɗe asusun banki, ta ɗauki ma'aikata, ta shigar da ƙara, ta tura malami asibiti ko gidan yari. In babu wannan, sai a rubuta fili da sunan mutum guda, ranar da ya rasu kuma magada su ce gado ne, ko ya sauya ra'ayi ya sayar. Rigingimun wuraren ibada da yawa daga nan suke tasowa.

Hanyar da ake bi a toshe ƙofar ita ce sanya adadin da ba za a iya cikawa ba. Sulobakiya a 2017 ta ɗaga adadin mabiyan da ake buƙata daga 20,000 zuwa 50,000, Musulmin ƙasar kuwa ba su kai ko kusa da haka ba, don haka har yanzu Musulunci ba ya cikin addinai masu rajista a can. Dokar Angola ta 2004 ta nemi mabiya 100,000 a larduna 12 daga cikin 18, kafin dokar 2019 ta rage zuwa 60,000. Kazakistan a 2011 ta sa mutum 50 ga ƙaramar ƙungiya, 500 ga ta yanki, 5,000 ga ta ƙasa, ta kuma haramta ibadar jama'a ga wanda ba shi da rajista. Iritiriya tun 2002 addinai huɗu kaɗai ta yarda da su: Musulunci na Sunni, cocin Otodoks, Katolika da Lutiran. Mafi munin waɗannan shi ne mayar da rashin rajista laifi. Haƙƙin ibada ba hukuma ce ke ba da shi ba, mutum da shi aka haife shi. Rajista hidima ce da al'umma ke nema domin sauƙaƙa mu'amalarta, wanda bai nema ba kuma bai yi laifi ba in ya tara mutane goma a falonsa suka yi addu'a.

Tsarin rajista mai kyau ba shi da tsada. A rubuta takardun da ake buƙata a jera su a fili: suna, adireshi, tsarin shugabanci, sunayen amintattu. Adadin waɗanda za su kafa ƙungiya ya zama kaɗan, kamar na kowace ƙungiya mai zaman kanta. A sa wa'adin amsa. In an ƙi, a rubuta dalili, a kuma bar ƙofar kotu a buɗe. Abu biyu ne bai kamata jami'i ya yi ba: auna ingancin aƙida, da neman ra'ayin babbar ƙungiyar da ke hamayya da mai neman rajistar. Moldoba ta shafe shekaru tana ƙin yi wa wani cocin Otodoks rajista saboda babban cocin ƙasar bai yarda ba, Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce a 2001 ta karya doka. Shekaru biyu kafin nan, a shari'ar wani mufti da Musulmin arewacin Girka suka zaɓa aka hukunta shi saboda gwamnati ta naɗa wani, kotun ta ce aikin hukuma idan al'umma ta rabu shi ne ta tabbatar ɓangarorin sun haƙura da juna, ba ta da hurumin haɗe su dole a ƙarƙashin shugaba guda.

Sai izinin gini, wanda a ganinmu shi ne inda aka fi wahalar da tsiraru a duniya, domin a nan ba a cewa a'a. Jeka-ka-dawo ake yi. Wasu Shaidun Jehobah huɗu a tsibirin Karita na Girka sun nemi izinin amfani da wani ɗaki da suka kama haya a 1983. Ma'aikatar da abin ya shafa ta yi ta aiko musu da wasiƙa cewa ana duba takardunsu, daga baya aka gurfanar da su saboda yin ibada ba izini, aka kuma same su da laifi. Har zuwa 1996 da Kotun Turai ta yanke hukunci a kan Girka, ba a ba su amsa ba. Shekara 13 ke nan. Shirun hukuma ya zama hani, kuma hani ne wanda ba a iya ɗaukaka ƙara a kansa tunda babu takarda.

Dabara ta biyu ita ce miƙa wuƙa da nama ga maƙwabta. Ƙa'idar ministoci biyu ta Indunusiya ta 2006 ta ce mai son gina wurin ibada ya kawo sunayen masu amfani da shi 90, da goyon bayan mazauna wurin 60, da shawarar ofishin addini da ta majalisar zaman lafiya tsakanin addinai. A takarda kamar adalci ne tunda kowa ta shafa. A aikace mai rinjaye yana tara sa hannu 60 kafin la'asar, maras rinjaye kuwa sai ya roƙi waɗanda ake matsa musu kada su sa. Cocin Yasmin da ke Bogor ya samu izini a 2006, aka janye a 2008, Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a 2010, hukumar birnin ta ƙi bin hukuncin, sai a 2023 aka buɗe shi a wani fili daban. A yankunan ƙasar da Musulmi ne tsiraru, masallatai ne ke cin karo da wannan ƙa'ida. Suwizalan kuwa a fili ta yi nata: a Nuwamban 2009 kashi 57.5 cikin 100 na masu ƙuri'ar raba gardama suka amince a haramta gina hasumiyar masallaci, a lokacin da hasumiyoyi huɗu kacal ne a faɗin ƙasar. Yawan ƙuri'a ba ya halatta tauye haƙƙi. Ai domin irin wannan rana aka rubuta haƙƙin tun farko.

Maganin a nan shi ne a tsare ofishin tsara gari a kan aikinsa. Abin da ya shafe shi: ƙarfin gini, ƙofofin fita idan gobara ta tashi, yawan mutanen da ɗakin zai ɗauka, wurin ajiye motoci, magudanar ruwa, da ƙarar lasifika, wadda ake aunawa da na'ura a kuma sa mata lokaci iri ɗaya ga kowa. Maƙwabci yana da damar ƙorafi a kan hayaniya ko toshe hanya, ba shi da damar ƙorafi a kan aƙida. A sa wa'adi, a ce kwana 90, in ya wuce ba amsa a ɗauka an amince. Dokar gina coci ta Masar ta 2016 ta sa wa gwamna wata huɗu ya amsa, wanda ci gaba ne, sai dai ta ɗaure girman coci da yawan Kiristocin yankin, abin da ke buɗe ƙofar gardama. Dokar Amurka ta 2000 kan amfani da fili domin addini ta kawo ma'auni mai amfani: duk inda aka yarda a gina zauren taro ko kulob, ba za a hana wurin ibada ba. Masallatai da dama a can sun ci shari'a da wannan ma'auni. A tanadi fili kuma tun lokacin da ake yanka sabuwar unguwa, tun ran gini ran zane.

Ita ma al'ummar da ke nema tana da aikin yi. Ta tabbatar takardar fili tana da sunan amintattu masu rajista. Ta miƙa buƙata a rubuce, ta karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Duk wata ta aika tuni a rubuce, ta adana. Ta kuma tattara bayanin wuraren ibadar masu rinjaye da aka ba izini a wannan lokaci, da kwana nawa suka jira. Wariya ba a iya tabbatar da ita a gaban alƙali sai da kwatance, kuma shari'o'i da yawa sun faɗi ne saboda masu ƙara sun zo da ɓacin rai ba su zo da takarda ba.

Katin shaida ƙaramin abu ne mai babbar illa. A Masar an daɗe ana rubuta ɗaya daga addinai uku a kati, mabiya Baha'i kuwa sai su yi ƙarya ko su zauna ba kati, wanda ke nufin ba makaranta, ba banki, ba aiki. Sai a 2009 kotu ta tabbatar musu da damar a ja layi a gurbin rubuta addini. Turkiyya ta yarda a bar gurbin fayau tun 2006, amma a 2010 Kotun Turai ta lura cewa gurbin da aka bari fayau shi ma tona asiri ne, domin duk jami'in da ya gani ya gane. Girka ta cire gurbin gaba ɗaya a 2000. Wannan shi ne daidai. Ƙididdigar addini, in ana buƙatarta, a yi ta a ƙidayar jama'a ba tare da suna ba. Katin da ake nunawa a shingen bincike ba wurin rubuta addini ba ne, domin a ranar tarzoma shi ne ke nuna wanda za a fitar daga mota.

A makaranta, sakin layi na 4 na sashe na 18 ya ba iyaye haƙƙin tarbiyyar 'ya'yansu bisa addininsu. Makarantar gwamnati tana iya koyar da tarihin addinai ba tare da ɗaukar ɓangare ba. In kuwa darasin na koyar da addini guda ne, dole a ba da damar fita ko wani darasi a madadinsa. Inda ake kuskure shi ne yadda ake tsara fitar. Norwe ta ce iyaye su rubuto dalili, su kuma fayyace sassan darasin da ba sa so. Turkiyya ta ce 'ya'yan Kirista da Yahudawa kaɗai za a ɗauke wa, bayan sun bayyana addininsu, ta bar mabiya Alebi, wata al'ummar ƙasar mai hanyar ibada daban da ta Sunni. Duka biyun sun sha kaye a Kotun Turai a 2007. Fita mai kyau layi ɗaya ce a fom ɗin shiga makaranta, ba tambayar dalili, da malami da aji ga yaran da suka fita, kuma kada makin darasin ya shiga lissafin da zai jawo musu baya. Barin yaro a tsaye a baranda yayin da 'yan ajinsa ke ciki hukunci ne, ko da ba a kira shi haka ba. Ranakun jarrabawa ma a duba kalandar bukukuwan duk ɗalibai tun farkon zango.

Maƙabarta ba a cika ambatonta ba sai ranar da aka rasa inda za a kai gawa. Siri Lanka a Afrilun 2020 ta tilasta ƙona gawar duk wanda korona ta kashe, bisa zargin cewa binnewa za ta gurɓata ruwan ƙasa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da binnewa. Musulmi da Kirista suka yi ta kuka har Fabrairun 2021 da aka janye, a 2024 kuma gwamnati ta nemi gafara. Kiwon lafiya yana cikin dalilai biyar ɗin nan, amma matakin ya faɗi a tambaya ta uku, tunda akwai hanya mai sauƙi: zurfafa kabari da nisanta shi daga rijiyoyi. Kowace hukumar gari ta keɓe wa tsiraru fili a rubuce a taswira tun ba a yi rasuwa ba, a kuma killace shi, domin maƙabartar da ba ta da takarda ita ake fara cinyewa idan gari ya faɗaɗa.

Game da 'yan sanda, nauyin hukuma bai tsaya ga ita kada ta cutar ba, har da hana wasu cutarwa. A Mayun 2011 magoya bayan wata jam'iyya suka yi zanga-zanga a ƙofar babban masallacin Sofiya na Bulgeriya a daidai lokacin sallar Juma'a, aka yi arangama. An sanar da hukuma tun kafin ranar, amma ba ta shirya raba ɓangarorin ba, Kotun Turai kuma ta kama ta da laifi a 2015. A Jojiya, harin da aka kai wa wani taron ibada a Tibilisi a 1999 an ɗauke shi a bidiyo, an nuna a talabijin, fuskoki a bayyane, amma ba a yi binciken kirki ba, abin da ya ƙarfafa wasu hare-haren. Darasin ɗaya ne: rashin hukunta harin farko gayyata ce ga na biyu.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma tarzomar addini tana da alamu: jita-jitar da ke yawo a waya, kiran taro bayan ibada, alamar da aka shafa a ƙofofi, baƙin fuskoki a unguwa. Abin da ke aiki shi ne lambar waya kai tsaye tsakanin shugaban 'yan sandan yanki da shugabannin kowace al'umma, taswirar wuraren ibada da ranakun bukukuwansu, da kai jami'ai wurin cikin sa'o'in farko, tun taron bai wuce a iya magana da shi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne rufe wurin ibadar waɗanda ake yi wa barazana da sunan zaman lafiya. Yin haka lada ne ga mai barazana, gobe kuma zai dawo da babbar buƙata. Na biyu shi ne sulhun dole, inda ake zaunar da wanda aka ƙona wa gida ya yafe kafin a ce komai a kan wanda ya kunna wutar. Sulhu yana da kyau bayan bincike da biyan diyya. Waɗanda abin ya shafa su rubuta rana da lokaci da wuri, su adana hotuna a wayar da ta ɗauka ba tare da gyara ba, su karɓi rahoton likita a kwanakin farko, su nemi lambar ƙorafinsu a ofishin 'yan sanda, su ajiye kwafi a wurare daban-daban.

Mun san batun kalaman ɓatanci yana da zafi, kuma ba mu raina zafin da mai imani ke ji ba idan aka taɓa abin da yake girmamawa. Amma a lura da wanda zargin ya fi faɗawa kansa. Asiya Bibi, Kirista 'yar Pakistan, an yanke mata hukuncin kisa a 2010, Kotun Ƙoli ta wanke ta a 2018 saboda saɓani a shaidun, bayan shekaru a kurkuku da kisan gwamnan Punjab da ministan tsiraru, waɗanda suka goyi bayanta, a 2011. Zargi irin wannan makami ne mai sauƙi a hannun mai rigimar fili ko bashi. Ko wace doka ƙasa ke bi, akwai abin da bai kamata a yi jayayya a kansa ba: a tsare ran wanda ake zargi da iyalinsa nan take, babban jami'i ya yi binciken, a kare lauya da alƙali, a hukunta mai ƙage, a kuma gurfanar da duk wanda ya ɗauki doka a hannunsa.

A matakin duniya, sashe na 20 na yarjejeniyar 1966 ya wajabta haramta yaɗa ƙiyayyar addini da ta kai ga tunzura mutane su nuna wariya ko su kai hari. A Maris ɗin 2011 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince baki ɗaya da ƙuduri mai lamba 16/18, wanda Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta gabatar, ya mai da hankali kan kare mutane daga ƙyama saboda addininsu. Tsarin Rabat na 2012 kuma, jagorar da masana suka tsara a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ba alƙalai ma'auni shida na gane tunzurawa: halin da ake ciki, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗa, nisan da maganar ta kai, da yiwuwar ta haifar da cuta nan kusa. Da wannan ma'auni, malamin da ya ce aƙidar wasu ɓata ce bai yi laifi ba, wanda ya ambaci unguwarsu ya ce a tashi a kore su ya yi. Abin takaici, a ƙasashe da yawa an juya lamarin: ana kama ƙaramin mai wa'azi daga tsiraru, ana ƙyale babban mai tunzurawa.

In kotunan gida sun gaza, akwai ƙofofi a waje, kowace da sharaɗinta. Wakilin musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin addini, ofishin da aka kafa a 1986, yana karɓar ƙorafi daga kowa ba sai an gama da kotu ba. Yana rubuta wa gwamnati, daga baya a wallafa wasiƙar da amsarta, amma ba ya yanke hukunci. Kwamitin da ke kula da yarjejeniyar 1966 yana sauraron ƙarar mutum ɗaya, in ƙasarsa ta shiga ƙarin yarjejeniyar da ta ba da wannan dama, kuma in ya gama bin matakan kotunan gida. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ita ma tana neman a gama da na gida, sai in an nuna an ja shari'ar fiye da kima. A nan ƙararraki da yawa ke mutuwa: an tsallake ɗaukaka ƙara, ko ba a ambaci 'yancin addini a ƙarar farko ba, ko ba a nemi yardar waɗanda aka sa sunansu ba. Lauya ya ambaci haƙƙin tun a takardar farko.

Doka ita kaɗai ba ta isa ba in shugabannin masu rinjaye sun yi gum. Suna da abin dogaro a cikin addininsu. Aya ta 40 a Suratul Hajji ta ambaci wuraren ibadar Nasara da na Yahudu tare da masallatai a cikin abin da ake karewa daga rushewa. Malaman da suka taru a Marakesh ta Maroko a Janairun 2016 sun dogara da Yarjejeniyar Madina suka yi kira da a gina fiƙihun zama ɗan ƙasa mai daidaiton haƙƙi. Cocin Katolika ya fitar da matsayarsa ta amincewa da 'yancin addini a Disamban 1965. Abin da ake nema a wurinsu ƙarami ne a baki, mai nauyi a aikace: su raka maƙwabtansu ofishin izinin gini, su hau mumbari su ƙaryata jita-jita a ranar da ta fito.

Ku ma 'yan jarida muna da roƙo a gare ku, Edita. Ku aika wakilanku ofisoshin rajista da na tsara gari su tambayi buƙatu nawa aka shigar, daga wace al'umma, nawa aka amince, kwana nawa kowace ta jira. Idan an kai hari, ku koma bayan wata shida ku tambayi mutum nawa aka gurfanar, an biya diyya ko ba a biya ba, an sake buɗe wurin ko yana rufe. Ku kira kowace al'umma da sunan da take kiran kanta, kuma kada ku buga zargin ɓatanci da suna da unguwar mutum kafin hukuma ta tsare ransa.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu nazarin dokokin haƙƙin ɗan adam